Filin Tambaya da Amsa: Kifin ƙanƙara ya yi tsada kuma ya ƙanƙance, wai me ke faruwa ne a teku?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon maganar kifi ce ta cika mana waya, na ɗebo guda uku da na ga kamar jirgi ɗaya ne ya kwaso su, sauran a yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Salam Malam, dafatan kana lafiya. Ni suyar kifi nake a bakin tasha, da ita nake riƙe marayuna. Da in na saro katan ɗin titus manya ne, guda ɗaya sai in yanka shi uku har huɗu, yanzu kuɗi ya ninka ya sake ninkawa kuma in an fasa katan sai kaga wasu 'yan firit kamar basu gama girma ba. Mai ɗakin sanyin da nake sari a wajensa a Kano kullum maganarsa kenan dala ce dala ce. Ɗana kuma yace ya gani a waya wai kifin teku ne yake ƙarewa. Ni dai ban yarda ba, teku guda fa? Dan Allah a warware min.
Daga wata mai suyar kifi, Gujungu, jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya marayu ya sa albarka a kasko. Toh da mai ɗakin sanyi da ɗan naki duk ba wanda ya yi miki ƙarya, kowa dai ya faɗi gefen da ya sani ne.

Maganar dala ba sai na ja ta ba. A farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 take a farashin gwamnati, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,500, kuma wannan titus ɗin da shawa da kote da fanla kusan duk daga waje ake shigo dasu, a sauke a Legas ko Fatakwal, a loda a tirela mai sanyi ta sha dizal har Kano. Alƙaluman da gwamnati ta saba faɗa shine muna buƙatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara amma abin da muke samarwa bai fi miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Sannan shi katan ɗin nan aji-aji ne, tun daga can ake tankaɗe kifin a ware manya daban matsakaita daban, in kuɗi ya yi sama sai dillali ya koma ɗauko ƙaramin aji don kar kaya su kwana a hannunsa. Kinga wani ɓangaren ƙanƙancewar daga nan yake.

Amma ko gobe dala ta dawo yadda take, titus ɗin da kika sani da ba lallai ya dawo ba. Kifin ruwan sanyi ne, a arewacin tekun Atlantika ake kama shi, wajen su Norway da Birtaniya da Ailan da Aisland da wasu 'yan tsibirai da ake kira Faro. Kowace shekara masana suna auna yawansa su ce ga iya abin da za a kama bana ba tare da an taɓa uwar garke ba. Matsalar ita ce ƙasashen nan sun fi shekara goma sun kasa zama su raba wannan adadi a tsakaninsu, kowa sai ya yanka wa kansa kaso yace shine hakkinsa, in aka tattara sai a ga an zarce abin da masanan suka ce nesa ba kusa ba. A 2019 aka janye wa wannan kifi shaidar nan da ake maƙalawa a jikin kaya mai nuna an kama shi bisa ƙa'ida, a 2025 kuma masanan suka ba da shawarar a zaftare kamun 2026 da wajen kashi 70 cikin ɗari. Waɗannan fa ƙasashe ne masu kuɗi da jami'o'i da jiragen sintiri, ba jahilci ne ya kai su ba, son kai ne kawai, kowa yana tsoron in ya bari ɗan uwansa zai kwashe.

Kin ce teku guda fa. Haka mutanen Kanada ma suka ɗauka. A gaɓarsu ta gabas, yankin Newfoundland, akwai kifin da ake kira kod, dangin wanda ake busarwa ya zama kamar itace 'yan kudu suna miya dashi, kusan shekara ɗari biyar ana kamunsa bai nuna alamar gajiya ba. Da manyan jirage suka shigo bayan 1950 cikin kamar shekara arba'in suka share shi, a 1992 dole gwamnati ta rufe kamun gaba ɗaya, mutum wajen 30,000 suka wayi gari ba sana'a. An ce musu shekara biyu ne ya farfaɗo. Sai 2024 aka sake buɗewa, shima ɗan kaɗan. Yaron da aka haifa ranar da aka rufe sai da ya shekara 32.

Ki daina hango kwale-kwale da mutum biyu a ciki. Jirgin da ake magana wani ya fi filin ƙwallo tsawo, masana'anta ce sukutum take yawo a kan ruwa. Yana da na'urar da take aika sauti ƙasa ta dawo masa da hoton garken kifi a allo, inda suke da zurfinsu da yawansu, kafin ma a jefa komai. Sai a saki taru mai kama da buhu wanda bakinsa zai haɗiye unguwa, a ja shi awa da awanni, in an ɗago injin ne yake zuƙe kifin ta bututu, ya bi ta kan bel ana warewa, a daskarar, a zuba a katan, a ɗaure, duk a cikin jirgin. Katan ɗin da kike fasawa da wuƙa a Gujungu wataƙila a tsakiyar teku aka naɗe shi. Wasu jiragen ko gida basa komawa sai bayan watanni, wani jirgin ne zai zo ya karɓi kaya ya basu mai da abinci. Akwai kuma masu jan tarun a ƙasan teku da sarƙoƙi da ƙofofin ƙarfe, su kankare duk abin da suka tarar, wajen da kifi yake ɓuya ya yi ƙwai ya koma fili fetal, abin da ba shi suke nema ba kuma su watsar dashi a ruwa matacce.

Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana bin lissafin nan tun tuni. A 1974 kashi 10 cikin ɗari ne na garkunan kifin teku ake kama fiye da ƙarfin haihuwarsu, a 2021 ya kai kashi 37.7. Wato ba wai teku ta zama wayam ba, ɗan naki ya ɗan ƙara gishiri, amma fiye da ɗaya cikin uku ana cinsu da sauri fiye da yadda suke hayayyafa.

Abin da ya fi bani haushi a lamarin shine da yawa daga jiragen nan in da kuɗin aljihunsu zasu sha mai su je nesa haka, asara zasu tafka su zauna a gida. Gwamnatocinsu ne suke basu tallafi. Wani masani Farfesa Rashid Sumaila, wanda ya yi digirinsa na farko a ABU Zariya yanzu yana koyarwa a Kanada, shi da abokan aikinsa sun lissafa cewa a 2018 kaɗai tallafin da yake ƙara wa jirage ƙarfin kwasa ya kai wajen dala biliyan 22, China ce kan gaba, ga Tarayyar Turai da Amurka da Koriya ta Kudu da Japan duk suna sahun manyan masu ba da tallafin kamun kifi. An shafe sama da shekara ashirin ana cacar baki a ƙungiyar kasuwanci ta duniya WTO kafin a cimma yarjejeniyar rage wannan a 2022, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala tana shugabanta, yarjejeniyar ta fara aiki a Satumban 2025. Ta hana a tallafa wa ɓarayin kifi da masu kama garken da ya riga ya durƙushe. Tallafin mai da na ƙera sabbin jirage kuwa, wanda shine uwa uba, an ce sai a zama na gaba.

Shawarar kasko kuma, kar ki jingina da titus kaɗai. Ki riƙa haɗawa da tarwaɗa da karfasa na gida, kuma in zaki sari katan ki tambayi ajinsa da adadin kifin ciki kafin ki biya, ba nauyi kawai ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, jikana ne yake rubuta min. Ni masunci ne gaba da baya, a ruwan nan na Haɗeja na buɗi ido. Kwanaki an tara mu ana mana wa'azi wai mu daina sa taru mai ƙananan ido, wai mu muke ƙarar da kifi. To ni naji a rediyo jiragen Turawa da 'yan China suna kwashe na teku tan-tan ba wanda ya ce musu uffan, sai mu talakawa da abin da muke kamawa bai cika kwando ba? Kuma ruwan ma ai ba kamar da yake zuwa ba, ga kacala ta cinye ko'ina. Wannan adalci ne?
Daga wani dattijo masunci, yankin Kirikasamma.

AMSA: Baba barka kadai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. In dai dokar a kan mai kwale-kwale kaɗai zata tsaya, ba adalci bane, ban da ja a nan. Kuma abin da kaji a rediyo gaskiya ne, 'yan uwanku masunta na bakin teku a Senegal da Gambiya da Ghana suna kuka da hawayensu. Dokar teku ta duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon kifin da yake cikin mil 200 daga gaɓarta, amma iko a takarda daban, jirgin sintiri da man da za a zuba masa daban. Wasu jiragen da lasisi suke shigowa, gwamnati ta karɓi 'yan kuɗi ta sa hannu, wasu su kashe na'urar da take nuna inda suke su shigo cikin dare. A Ghana har suna gareshi, saiko, jirgi ya kwashe ƙananan kifin da hakkin masu kwale-kwale ne, ya daskarar dashi kamar bulo, ya dawo ya sayar musu a tsakiyar ruwa. Mu ma nan dokarmu ta hana manyan jirage jan taru a cikin mil biyar daga gaɓa don a bar wa ƙananan masunta, amma je ka tambayi masuntan Bayelsa ko Akwa Ibom sau nawa aka tsinke musu raga. A Senegal matasa da yawa da suke cika kwale-kwale su nufi tsibiran Sifen, wasu su halaka a hanya, 'ya'yan masunta ne, kuma jirgin su ɗin ne aka mayar na fasinja.

Amma Baba ka yi min afuwa in faɗi wadda ba zata yi daɗi ba. Jirgin China bai taɓa shigowa kogin Haɗeja ba. Giwan ruwa da yauni da bargi da kuke kamawa da, wanda sai an sa mutum biyu su ɗaga, ba Bature ne ya ɗauke su ba.

Abin da ya jawo haka kashi biyu ne. Kashi na farko ba laifinku bane sam. Tunda aka gina dam ɗin Tiga a 1974 aka ƙara da na Challawa a 1992 ambaliyar da take shimfiɗuwa a fadamun Haɗeja zuwa Nguru ta ragu, kuma kai ka fini sani a cikin ciyawar nan da sabon ruwa yake rufewa kifi yake zuba ƙwai 'ya'yan su samu abinci da maɓoya. Sannan ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan rani da damina shi ya ba kacala gindin zama, da can in rani ya yi ƙasa ta bushe sai ta mutu, yanzu ta toshe hanyoyin ruwa, inda ake so ya je bai je ba, inda ba a so ya kwanta. Wannan aikin hukuma ne, yadda ake sakin ruwa da yashe hanyoyi, kuma duk wanda ya zo muku da wa'azin taru bai taɓo wannan ba to rabin karatu ya kawo, ku faɗa masa haka a gaban jama'a.

Kashi na biyu kuwa a hannunmu yake. Ka tsaya bakin ruwa lokacin da samari suka jawo gidan sauron nan da aka raba don zazzaɓi aka ɗinke shi ya zama taru. Abin da yake fitowa 'yan karfasa ne kamar ɗan yatsa, da 'yan tarwaɗa da ko gashin baki basu gama fitarwa ba, da kwaɗi da laka, a tsince na tsincewa a shanya a kan buhu, sauran a barsu nan suna ɗan motsi har rana ta gama dasu. Duk abin bai cika kwano biyu ba, wanda da an barshi wata shida kwanduna ne. Ga masu zuba gamalin ko maganin feshi a kududdufi, su kashe babba da yaro, mutane kuma su ci. Ga dumba da ake gitta wa hanyar ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan daidai lokacin da kifi yake hawa da ciki cike da ƙwai. Kai da kanka ba zaka yarda mahauci ya riƙa bin garke yana zaɓen tumaki masu ciki yana yankawa ba, ko da kuwa yace ai na garin gaba ma haka suke yi. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da abin fashewa, amma yaushe rabon da kaji an gurfanar da wani?

Kuma shi kifi in aka ɗaga masa ƙafa da wuri yana dawowa, wannan an gani. Akwai wani ƙaton kifin teku, tuna mai shuɗin baya, da aka kusa gamawa dashi saboda tsadarsa a Japan, da aka matse adadin kamu aka hana taɓa ƙanana aka sa masu sa ido a jirage, a 2021 aka cire na Atlantika daga jerin masu fuskantar ƙarewa. Ba ma sai mun je nesa ba, Matan Fada a Argungu ai don ana hana kamun kifi a wurin ne sai ranar biki shi yasa ake fito da irin waɗancan giwayen ruwa. Kakanninku ma suna da wannan, Sarkin Ruwa ya ce an rufe gulbi kaza sai ranar kaza kuma ba mai tsallakewa.

Inda gizo ke saƙar shine me mutum zai ci a watan da aka rufe. Ba zaka ce wa mai iyali goma ya rataye koma ya zauna kallon ruwa ba. A Brazil gwamnati tana biyan ƙananan masunta mafi ƙarancin albashi a watannin da aka hana su don kifi ya hayayyafa. Ni a ganina abin da ya kamata ƙungiyarku ta nema kenan a wajen jiha da ƙaramar hukuma, ko da hatsi ne ko a canza muku raga mai ƙaramin ido da mai faɗi kyauta. Kuma rufewar ta zama ta garuruwan da suke kan ruwa ɗaya ce gaba ɗaya, sarakunan ruwa da dagatai su zauna tun daga Haɗeja har Guri, don in ƙauyenku ya bari na gaba bai bari ba kun yi wa wasu kiwo ne kawai, rigimar su Norway ce zata dawo a ƙaramin faifai.

TAMBAYA: Malam ni matashi ne, na gama NCE ba aiki sai na gina tanki biyu a bayan gida ina kiwon tarwaɗa. Ni gani nake in kowa ya koma kiwo ai shikenan an huta da maganar teku, ko ba haka ba?
Daga wani mai kiwon kifi, Dawakin Kudu, jihar Kano.

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari, Allah ya sa tankin biyu su zama ashirin. Duniya ma ta nufi inda kake, a 2022 a karon farko abin da aka kiwata ya zarce wanda aka kamo a ruwa. Amma ɗauko buhun abincin da kake watsa musu ka juya bayansa ka karanta abin da aka haɗa, musamman na 'yan ƙanana mai shegen tsadar nan, akasari zaka ga garin kifi a ciki. Wannan garin daga teku yake. A Nuwadibu ta Muritaniya da Senegal da wasu ƙauyukan gaɓar Gambiya irin su Gunjur an kakkafa masana'antun da aikinsu kenan, su sayi ƙananan kifi irin sadin da bonga, abincin talaka wanda mata suke bandarwa su kai kasuwa, su dafa su matse mai su niƙe. Sai an narkar da kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari. Wani rahoto da ƙungiyar Greenpeace ta fitar da abokan aikinta a 2021 yace sama da tan rabin miliyan ake niƙewa haka duk shekara a yankin, a tura Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da aladu da kaji.

Ban ce buhunka daga can ya fito ba, kuma tankinka biyu ba su zasu girgiza teku ba. Ina dai nuna maka kiwo baya raba mu da teku sai an gyara abin da ake ciyarwa. Kai kuma ta nan ribarka take, don abinci shi yake cinye fiye da rabin kuɗin mai kiwo. Da zarar sun wuce ƙuruciya ka fara rage dogaro da na kanti, waken suya da aka gasa aka niƙa, tunkuzar gyaɗa, dusar masara da ta shinkafa wadda gaku nan kusa da Kura ba wahalar samu, sai ka nemi wanda ya iya haɗi ya auna maka don tarwaɗa tana son abinci mai gina jiki sosai, in ka cika mata dusa ruwa ne kawai zai ɓaci ita kuma ta tsaya cak. Wasu sun fara kiwon tsutsar wani baƙin ƙuda da ragowar kayan gwari suna basu, ka bincika a sashen kifi na jami'a ko wajen malaman gona. In ka samu fili nan gaba ka gwada karfasa a kududdufin ƙasa, ita cimarta ta fi karkata ga tsiro, bata buƙatar garin kifi kamar tarwaɗa, sai dai ka nemi iri maza zalla, in ba haka ba zasu yi ta haihuwa su cika maka ruwa da 'yan mitsi-mitsi da ba mai saye.